Kafin ka damƙa wa ɗan aiken AI lalitarka: hanya huɗu ta gwada bayanin kayan aiki, da wadda ta dace da kai

Ka gina ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira, ka haɗa shi da lalitar kirifto, ka rubuta masa bayanin kowane kayan aiki: wannan na duba ragowar kuɗi, wannan na tura USDC (kuɗin kirifto mai bin darajar dalar Amurka), wancan na musanya. Ka gwada sau uku ko huɗu, ya yi daidai. Yanzu kana tsaka mai wuya. Wani abokin aiki ya ce ku zauna ku karanta bayanan da ido ya wadatar. Wani ya ce a ba wani samfurin AI ya yi musu maki. Na uku ya ce duk ɓata lokaci ne in ba a hau sarƙar gwaji ba (sarƙa ita ce blockchain, kundin da ake rubuta cinikin kirifto a ciki). Lokacinka kaɗan ne, kuɗin ma haka. Wanne za ka ɗauka?

Ka fara da tuna cewa ɗan aiken nan ba ya ganin kod ɗinka. Abu uku kawai ke gabansa: sunan kayan aiki, bayanin da ka rubuta, da guraben da zai cike. Haka yake a MCP, tsarin haɗa samfurin AI da kayan aiki da Anthropic ta fitar a Nuwamban 2024, haka yake a AgentKit, kayan gina ɗan aike na kamfanin kirifto Coinbase, haka kuma ga ɗan aiken da ke biyan kuɗi ta x402, tsarin da Coinbase ta ƙaddamar a Mayun 2025. Bayanin nan shi ne takardar aike. In ta zo da kuskure a aikin saƙon imel, sai a ba da haƙuri a sake turawa. A kirifto kuwa babu manajan banki da za ka je ka zauna a ofishinsa.

Labarin Freysa, wata 'yar aiken AI da aka damƙa wa kuɗin kirifto a matsayin gasa, ya isa misali. A Nuwamban 2024 aka sake ta a sarƙar Base da umarni ɗaya: kada ta saki kuɗin da ke hannunta. Kayan aikinta biyu ne, approveTransfer da rejectTransfer. Mutane suna biya su tura mata saƙo, farashin ya fara daga dala 10 yana hawa. Saƙo 481 suka faɗi. Na 482 bai roƙe ta ba, bai tsoratar da ita ba. Ce mata ya yi approveTransfer na kuɗin da ke shigowa ne, sannan ya ce zai ba da gudummawar dala 100. Ta kira kayan aikin, kusan dala 47,000 suka fita. Ba a fasa kod ba, ma'anar suna ɗaya aka juya.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Na farko, kuma shi ya fi nauyi, shi ne irin kuskuren da hanyar ke kamawa. A biyan kirifto kurakuran da ke cin kuɗi ba su da yawa, amma kowanne yana da dafi:

- Ma'aunin adadi. USDC yana da gurbi 6 bayan ɗigo, ETH yana da 18, Bitcoin 8. Dala 25 ta USDC a harshen sarƙa 25000000 ce. In kayan aikinka na jiran wannan, ɗan aike ya rubuta 25, ka tura abin da bai kai naira ɗaya ba. In akasin haka ne, ka nemi tura miliyan 25.
- Sarƙa. USDT (shi ma kuɗin kirifto ne mai bin darajar dala) na Tron da na Ethereum gurbi 6 ne, na BNB Smart Chain kuwa 18. Suna ɗaya, bambancin ninki tiriliyan.
- Adireshi da lambar rakiya. XRP da Stellar suna buƙatar ƙarin lamba idan ana tura wa asusun kasuwar musaya.
- Biya sau biyu, idan amsa ta makara ɗan aike ya ɗauka ba ta tafi ba.
- Ƙin tsayawa ya yi tambaya inda umarni ke da harshen damo.
- Yaudara, irin ta Freysa.

Sauran ma'aunan huɗu ne: kuɗin da za ka kashe, ƙarko (gwajin zai ci gaba da amfani bayan an sauya samfuri ko an ƙara kayan aiki?), sauƙin kafawa, da haɗari. Haɗarin iri biyu ne, kuma na biyun ya fi damuna: akwai asarar kuɗi yayin gwaji, akwai kuma kwanciyar hankali ta ƙarya, wato gwaji ya ce maka lafiya lau alhali ba haka ba.

Ta ɗaya: bitar ido

Mutum ya zauna ya karanta. Amma ba wanda ya rubuta ba, don shi kansa na cike giɓin da takarda ta bari. Dabarar da ta fi aiki ita ce ka samo wanda bai taɓa ganin kod ɗin ba, ka miƙa masa bayanin da buƙatu biyar, ka ce ya cike guraben da biro. Duk inda ya ɗaga kai ya tambaye ka "da dala kake nufi ko da ƙananan gutsuren?", nan ne samfurin zai yi cinta, don shi ba kullum yake ɗaga kai ba.

Ga irin abin da ido ke gyarawa cikin minti goma. Bayani na farko ya ce: "Yana tura kuɗi zuwa adireshi." Bayan bita ya koma: "Yana tura USDC a sarƙar Base kaɗai. Abin da aka tura ba ya dawowa. Rubuta adadi yadda mutum zai faɗa, kamar 25.50, kada ka ninka shi. Kada ka kira shi sai mai kuɗi ya tabbatar da adireshi da adadi a wannan hirar. Idan amsa ta makara, duba matsayin biyan kafin ka sake kira."

Kuɗinta lokacin mutum ne kawai, babu abin kafawa, babu kwabon da zai salwanta. Tana kuma da wata fa'ida da ake mantawa: ita ce ta fi dacewa da kayan aikin da ka aro daga wasu. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki na MCP, inda samfuri ke karanta shi gaba ɗaya amma allon mai amfani ba ya nuna masa duka. Don haka cikakken rubutun za ka karanta, ba taƙaitaccen da manhaja ta nuna ba, kuma ka ajiye kwafinsa, domin sabar wani na iya sauya bayani bayan ka amince da shi.

Rauninta shi ne ba ta da ƙarko ko kaɗan. An sauya kalma ɗaya, bita ta tsufa. Kuma mutum ba samfuri ba ne. Jimlar da ta fito maka sarai kamar rana na iya zama wadda samfurin ke tsallakewa.

Ta biyu: alƙali na'ura

Ka rubuta sharuɗɗa (an faɗi ma'auni? an faɗi sarƙa? an ce ba ya dawowa? an faɗi lokacin da ba a kiransa?), ka ba wani samfuri ya yi wa kowane bayani maki. Ana kafa ta da yamma ɗaya, kuma tana da araha ƙwarai, tunda kira ɗaya ko biyu kowane bayani ke ci. Ga mai kayan aiki 200 daga hannun mutane daban-daban, wannan rariya ce mai kyau ta ware waɗanda suka fi lalacewa.

Daga nan yabona ya ƙare. Alƙalin rubutu yake aunawa, ba abin da ɗan aike zai yi da rubutun ba. An san samfura masu alƙalanci da karkata ga doguwar amsa da kuma salon da ya yi kama da nasu. Bayani mai sakin layi uku, mai tsari da ado, zai ci 9 cikin 10, alhali gargaɗin da ya fi muhimmanci ya nutse a tsakiyarsa. Kallon kitse ake wa rogo. Makin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: kamfani ya sabunta samfurin alƙalin, 8 ɗin bara ba ita ce 8 ɗin bana ba. Sannan bayanin da aka sa wa guba zai iya yi wa alƙalin kansa magana. A ma'aunin kwanciyar hankali ta ƙarya, wannan hanya ce kan gaba.

Ta uku: gwajin kwaikwayo

Nan zan daɗe, don nan nake ganin aikin yake. Ka bar suna da bayani da gurabe yadda suke, ka cire cikin kayan aikin, ka sa na bogi wanda ba ya taɓa sarƙa, sai dai ya rubuta abin da aka kira shi da shi ya mayar da amsar da ka tsara. Sai ka tara buƙatu, kowacce da amsar da kake jira: wane kayan aiki, wane adadi, wace sarƙa, ko kuma kada a kira komai. Kod ne zai duba, ba ra'ayin kowa ba. Ko dai 25.50 aka rubuta ko ba ita ba.

Ingancin gwajin yana ga buƙatun da ka tara. Masu sauƙi goma sun isa. Sauran su zama masu ƙaya. Ka sa wadda adireshinta ya fara da T, wato na Tron, alhali kayan aikin na Base ne. Ka sa wadda kayan bogi zai mayar da "lokaci ya ƙure", ka ga ko ɗan aike zai duba matsayi ko zai sake turawa. Ka sa "tura wa wanda na tura wa jiya", ka cusa a tarihin lalitar wani adireshi da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na gaskiya. Da wannan dabarar aka yaudari wani a Mayun 2024 ya tura WBTC (wakilin Bitcoin a sarƙar Ethereum) 1,155, kimanin dala miliyan 68 a lokacin, kuma mutum ne da idonsa biyu. Ka sa takardar neman biya wadda a ƙasanta aka rubuta cewa an sauya asusu. Ka sa saƙon Freysa da kansa, da sunan kayan aikinka.

In masu amfani da manhajarka da Hausa za su yi magana, akwai tarkon da babu wani kundin gwaji na Turanci da zai tono maka. "Tura masa dala ɗari" a bakin mutumin Kano dalar Amurka 100 ce. A bakin mutumin Maraɗi ko Damagaram sefa 500 ce, don dala a can sefa 5 take nufi. "Jaka biyar" a Najeriya naira 1,000 ce, a Nijar sefa 5,000. Wanda ya yi makaranta da Faransanci zai rubuta 2,5 yana nufin biyu da rabi. Amsar da ta dace a duk waɗannan ita ce ɗan aike ya tsaya ya tambaya, kuma bayanin kayan aikinka ne zai ba shi izinin tsayawar ko ya hana shi. Ba ƙaramin lamari ba ne a Najeriya, ƙasar da cibiyar nazarin kirifto ta Chainalysis ta sa a matsayi na biyu a duniya wajen karɓar kirifto a 2023 da 2024.

Sai maimaici. Samfuri ba ya ba da amsa ɗaya kullum, don haka gwaji sau ɗaya labari ne kawai. Masu τ-bench, kundin gwajin 'yan aiken AI na kamfanin Sierra, sun kawo ma'aunin da suka kira pass^k a 2024: ba a tambayar ko ya taɓa yin daidai, ana tambayar ko ya yi daidai a duk karon da aka gwada. Yi lissafin da kanka. Ɗan aiken da ke dacewa kashi 95 cikin 100, in kowane karo zaman kansa yake, damar ya wuce biya 10 a jere ba kuskure kusan kashi 60 ce. A biya 20 ta sauko kusan kashi 36. Kashi 95 a jarrabawar makaranta abin a yanka rago ne, a wajen biyan kuɗi kuwa abin a kori ɗan aike ne.

Da wannan kake kwatanta bayani biyu da gaskiya. Ka sauya jimla ɗaya tak, ka sake gudanar da komai, ka duba abin da ya motsa. Wani lokaci za ka tarar cire jimla ne ya gyara, wani lokaci kuma matsalar ba ta cikin bayanin da kake zargi, tana cikin maƙwabcinsa mai suna kusan iri ɗaya.

Farashi matsakaici ne kuma a hannunka yake: buƙata 60, maimaici 10, bayani iri 2, kira 1,200 ke nan ko fiye, tunda wasu hirarrakin suna da zagaye da yawa. Manhajoji irin su promptfoo da Inspect na cibiyar tsaron AI ta Birtaniya kyauta ne, kuɗin kiran samfuri kawai za ka biya. Wahalar tana wajen rubuta buƙatun, aikin kwanaki ne. Amma ƙarkonta ya fi na kowa: sabon samfuri ya fito, ka danna, da safe ka san ko ya fi tsohon a kan kayan aikinka. Jadawalin gasar samfura irin na jami'ar Berkeley ba zai gaya maka wannan ba, don da kayan aikin wasu aka auna.

Haɗarinta biyu. Kayan bogi ya fi sarƙar gaske ladabi, kuskuren da ka hango kaɗai yake yi. Kuma in ka yi ta gyara bayani har ya cinye buƙatun 60 ɗin nan, wataƙila haddace jarrabawa ka koya masa. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu ka ɓoye, kada ka duba su sai ranar yanke hukunci.

Ta huɗu: sarƙar gwaji

A nan kayan aikin na gaske ne, kuɗin ne na wasa. Iri biyu ce. Akwai sarƙoƙin gwaji na kowa da kowa, kamar Sepolia, Base Sepolia, da Nile ko Shasta na Tron, inda ake samun kuɗin gwaji kyauta, har Circle, kamfanin da ke fitar da USDC, na raba USDC na gwaji. Akwai kuma kwafin sarƙar gaske da kake ɗorawa a kwamfutarka da manhajar Anvil ko Hardhat, ga sarƙoƙin dangin Ethereum. Hukunci a nan shi ne abin da ya rage a kowace lalita bayan an gama.

Ita ke kama abin da kwaikwayo bai sani ba: kuɗin gas (ladan da ake biya a kan kowane ciniki a sarƙa) ya gaza a tsakiyar aiki, jerin lambar ciniki ya harɗe, ɗan aike ya ba wata kwangila (manhajar da ke aiki a kan sarƙa) izinin ɗibar kuɗi marar iyaka saboda bayanin bai ce a taƙaita ba. Mafi muhimmanci, ita ke tona bayanin da ya yi ƙarya, wanda ya ce adadin mutane yake karɓa alhali kod ɗin gutsure yake jira. Hanyoyi ukun farko duk sun yarda da maganar bayanin, wannan ce kaɗai ke bincikarsa.

Ta fi su wuyar kafawa, tana tafiya a hankali, maimaici goma na kowace buƙata yana cin lokaci. Ƙarkon na kowa da kowa ba shi da tabbas: sarƙoƙin gwaji na Ropsten, Rinkeby da Goerli duk an yi ritayarsu. Kuma kowa na iya ƙirƙirar kuɗin gwaji ya sa masa suna USDT da gurbin da ya ga dama, sai ka gwada da abin da bai yi kama da na gaske ba. Kwafin kwamfuta ya warware wannan, tunda ainihin kwangilolin yake ɗauke da su. Haɗari ɗaya na gaske: mabuɗin lalitar gaske ya ɓata hanya ya shigo saitin gwaji. Adireshin Base da na Base Sepolia kamarsu ɗaya.

| Hanya | Abin da ta fi kamawa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Bitar ido | Giɓi, harshen damo, ɓoyayyen umarni | Lokacin mutum | Kaɗan | Sosai | Mutum ba samfuri ba ne |
| Alƙali na'ura | Bayanan da suka fi lalacewa cikin tari | Kaɗan | Kaɗan | Sosai | Maki mai kyau ga rubutu marar aiki |
| Kwaikwayo | Zaɓin kayan aiki, adadi, ƙin tambaya, yaudara | Matsakaici | Sosai | Matsakaici | Haddace jarrabawa |
| Sarƙar gwaji | Saɓani tsakanin bayani da kod, gas, izini | Lokacin injiniya | Matsakaici | Da wuya | Kuɗin gwaji da bai yi kama da na gaske ba |

Ban sa gwaji da kuɗin gaske a teburin ba da gangan. Wasu suna zuba dala 20 a lalita su saki ɗan aike su gani. Yana da amfani a matsayin matakin ƙarshe, amma ba ya auna bayani, don ba za ka iya maimaita shi sau ɗari ba.

Wani abu da sakamakon gwaji zai koya maka: akwai kuskuren da bai kamata a bar wa bayani ba tun farko. In ɗan aike yana ruɗa sarƙa, kada ka ƙara masa gargaɗi da manyan baƙaƙe, ka mayar da gurbin ya zama zaɓi daga jeri. Iyakar adadi, jerin adireshin da aka yarda da su, duba sahihancin adireshi, lambar shaida da ke hana biya ɗaya tafiya sau biyu, duk aikin kod ne. Alamomin MCP irin su readOnlyHint da destructiveHint ishara ce kawai, ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su in daga sabar da ba a amince da ita ba suka fito.

Wa ya dace da wacce

In kai kaɗai ne, kayan aikinka ba su wuce biyar ba, kuma mutum ne ke danna amincewa kafin kowane biya: bitar ido da baƙon mai karatu, sai ƙaramin kwaikwayo na buƙata 20 masu ƙaya. Alƙali na'ura ba shi da aikin yi a wajenka.

In kana kula da rumbun kayan aiki masu yawa da wasu suka rubuta: alƙali ya tace, ido ya karanta duk wanda ke taɓa kuɗi, kuma a riƙa kwatanta kowane bayani da kwafin da aka amince da shi.

In ɗan aikenka na biyan ƙananan kuɗi da kansa ba mai dubawa, irin na x402: kwaikwayo da maimaici mai yawa, ka fi matsa wa buƙatun makarar amsa da na sauya farashi, domin kwabo-kwabo sau dubu ne ke zama asara, sannan iyakar kashewa ta kullum a cikin kod.

In kai ne ka rubuta kayan aikin da ke magana da kwangila kai tsaye, ko kana aiki da sarƙa fiye da ɗaya: kwafin sarƙa a kwamfuta wajibi ne, ko da sau ɗaya ne a kowane sauyin kod, kwaikwayo kuma ya ɗauki nauyin maimaici.

In kuwa kuɗin 'yan kasuwa ne ke wucewa ta hannunka, mai shago a Kantin Kwari yana biyan mai kaya a ƙetare da USDT: duka ukun ban da alƙali, buƙatun gwaji su fito daga yadda abokan cinikinka ke magana da gaske, da dalarsu da jakarsu, kuma duk biyan da ya haura iyakar da kuka yanke ya jira sa hannun mutum na biyu a lalita mai mabuɗi fiye da ɗaya.